Rijiya Gaba Biyu

Malam Isyaku mai wankin asibiti mutum ne da ruwa ya wahalar tun yana ƙarami, kuma in ba ku riƙe wannan ba, ba za ku gane abin da ya same shi ba. Ni sunana Rifkatu, ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Zonkwa, amma Kano ta riƙe ni tun ina budurwa. Gidan haya ɗaya muka zauna da shi da matarsa Kulu a Gyadi-Gyadi, ɗakina yana kallon nasu, har yaransu suka tashi da nawa. Asibiti ɗaya kuma muke aiki. Kullum ya gan ni da safe sai ya ce, ga masu ɓata zannuwan gado nan sun fito, bari masu gyarawa su bi baya.

Gajere ne, ba shi da jiki, tafin hannunsa ya yi fari ya tattare saboda sabulu. Daga wani ƙauye ya fito can arewa da Ɗambatta, inda rijiyarsu sai an ɗaura wa jaki igiya ya yi tafiya kafin guga ya leƙo. Da ya shigo Kano garuwa ya fara yi, kuma har ya mutu akwai kanta a kafaɗarsa inda sanda take zama. A gidanmu na haya akwai famfo, amma na ado ne, in ka murɗa sai ya yi maka fito. Saboda haka da 'yan garuwa muka dogara. Malam Isyaku ba marowaci ba ne, zai ba ka tuwonsa ya kwana da yunwa, amma ka zubar da rabin buta a gabansa ka ga ɓacin rai. Ruwan da Kulu ta ɗauraye kwanuka da shi ake wanke tsakar gida, wanda ya rage a kai bayi. Na sha yi masa tsiya cewa ko hawaye ya ga ana zubarwa sai ya tara kwano.

Burinsa ɗaya ne a duniya, gidan kansa mai rijiya a ciki. Ba bene yake so ba, ba mota ba. Rijiya.

Tun zamanin soja ya sami fili a hannun wani dillali, Inuwa, can bayan Tarauni ta wajen Babban Giji. Awon igiya ne, wato irin filin da masu unguwa da dillalai suke yankawa da kansu ba da awon gwamnati ba. Ranar da ya kai mu gani, na tsaya ina ta dube-dube, don wurin ya yi mini kama da inda na sani. Na ce masa, anya nan ba kududdufi ba ne a da, wanda muke hangowa daga cikin bas? Ya yi dariya ya ce rabin Kano ai ciko ce, in za a bi wannan ba wanda zai yi gini. Gaskiyarsa ta wani ɓangaren. Shara aka yi ta zubawa har ramin ya cika, aka bi da jar ƙasa a kai, wuri ya yi sumul kamar faranti.

Ya daɗe yana ginin nan. Bulo ɗai-ɗai ya tara, in ya tashi daga aiki ya tafi da ƙafa ya yi wa magina leburanci da kansa. Soro, ɗaki biyu, kicin, bayi. Ɗakin baya, wanda ya fi girma, na Kulu ne.

Da bazarar shekarar da aka yi zaɓe, lokacin da ko'ina fastocin 'yan takara ne, ya kira Ɗahiru mai haƙar rijiya. Zafi ake yi na fitar hankali, rijiyoyin unguwarmu duk sun ƙafe. Ɗahiru bai wuce gaba biyu ba, wato kamar tsawon mutum biyu, ruwa ya ɓulɓulo. Gaba biyu, jama'a, a tsakiyar bazara. Abin da ya riƙa turowa sama kuwa ba ƙasa ba ce ta kirki: baƙin taɓo, ledoji, gwangwanaye, ƙasusuwa, har da warin takalmin roba. Da ya fito yana goge jiki ya ce shi dai har ya tsaya bai taɓa ƙasar Allah ba, duk shara ce. Malam Isyaku bai ma ji shi ba, yana durƙushe a bakin ramin yana hamdala.

Ranar nan sai da ya sa aka soya waina aka raba sadaka. Ya ciko jarka ya ɗauko ta a ka tun daga can har Gyadi-Gyadi don mu gani. Maƙwabta suka yi ta shigowa barka, kowa na cewa wannan albarka ce, Allah ya dubi wahalarsa. A garin da mutum ke bin ɗan garuwa yana lallashi, wa zai ji an ce ruwa a gaba biyu ya ce ba alheri ba ne? Na sunsuna jarkar, wari take kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Ya ce sabuwar rijiya ce, in aka yashe ta za ta washe. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba, shi ya sa na bar zancen warin na taya shi murna.

Niyyarsa ta farko mai hankali ce. Ya ce zai bari damina ta wuce, gini ya sha ruwa ya bushe, sai su tare da kaka. To, sai soja suka miƙa mulki a ƙarshen watan Mayu. Mun saurara a rediyo a tsakar gida, har ana tafi. Ba a yi nisa ba jita-jita ta tashi a majalisun unguwa cewa sabuwar gwamnati za ta bi duk filayen awon igiya, za a shafa jan fenti a bango, katafila ta biyo baya. Ba wanda ya ga takarda, ba wanda ya ji a labarai, amma kowa yana da ɗan'uwa a ma'aikatar ƙasa da ya tabbatar masa. Aka kuma ce gidan da ba kowa shi ake fara turewa, wanda mata da yara suke ciki ana ɗaga masa ƙafa. Daga jin haka Malam Isyaku ya janyo tarewa daga kaka ya dawo da ita watan Agusta, tsakiyar ruwa.

Tun daga nan ya daina barcin kirki. Kullum ya tashi aiki sai ya je ya zagaye gidan ta waje yana duba bango. Wata rana ya hango ja a jikin katanga, ya ɗauka jan fentin ne aka zo aka shafa, sai da ya matsa ya ga yaran jam'iyya ne suka rubuta sunan kansilansu. Wajen bangon yake tsaro. Abin da ke faruwa a ciki kuwa, labarinsa yake kawo mana da bakinsa, yana murna.

Bayan ruwan farko ya ce mini rabin igiya ya ishi rijiyar yanzu. Da aka ƙara, ya ce ya kwance igiyar ma, da hannu yake zura guga. Kafin Yuli ya ƙare ya shigo yana washe baki ya ce gugan ma ya huta, da ƙwarya yake ɗiba a tsugune. Yana faɗa kamar mai ba da labarin ɗansa ya fara tafiya, ni kuwa ina tuna kududdufin nan. Sauran abubuwan a gefen zance suke fitowa. Ƙofar soro ta ƙarfe ta fara cijewa, ya kira mai walda ya rage mata baki, ta sake cijewa, aka sake ragewa. Bangon ɗakin Kulu ya tsage daga taga zuwa ƙasa, aka toshe da siminti, tsagar ta dawo, ya liƙa fastar ɗan takara a kai. Danshi ya hau bango har gwiwa, ya bi shi da fenti. Ginin da ke maƙwabtaka da shi, wanda aka kai linta aka bari, ya ɗan karkata, ya ce maginin mutumin ne bai iya aiki ba. Ana cikin haka ya je ya gaya wa mai gidanmu cewa zai tashi, mai gida kuwa ya ba wasu ɗalibai ɗakin tun kafin a kwashe kaya.

Aka sa tarewa ranar Asabar, jere ranar Alhamis. Jere aikinmu ne mata, mu ke zuwa mu shimfiɗa leda, mu kafa gado, mu shirya kwanukan uwargida a kabad yadda duk wadda ta shigo za ta san ba a banza ta zauna ba. Kulu mace ce mai sanyi, ɗinkin hula take yi, da shi ta tara kwalla da samira da fanteka, ta adana su a ƙarƙashin gado a cikin buhu tana jiran ranar da za ta sami inda za ta jera. Ban taɓa jin ta musa wa mijinta ba, ko a ɗaki balle a tsakar gida. Muka tafi ni da ita da 'yan'uwanta mata, ana ta guɗa a hanya.

Da rana tsaka muka shiga, amma kwaɗi ne suka tare mu, suna kuka kamar an yi magariba. Rijiyar tana tsakiyar gida, ruwan ya kawo daf da baki, baƙi ƙirin, ba ya motsi. Ƙasar da ke kewaye da ita in ka taka sai ta ɗan lotsa. Muka shige ɗakin baya muka kama aiki. Kabad ta ƙi tsayawa daidai, muka naɗe kwali muka cusa mata a ƙafa, ta sake rinjaya, muka ƙara. Ana cikin ɗora kwanuka sai murfin wata kwalla ya suɓuce wa yayar Kulu. Bai faɗi a kife ba, a kan gefensa ya sauka, ya kama gangarawa. Ya ratsa ɗakin tun daga jikin kabad, yana ƙara sauri, ya fice ta ƙofa, ya bi tsakar gida, bai tsaya ba sai da ya daki bakin rijiya. Yayar ta yi 'yar dariya ta ce masu wurin ne suke yi mana maraba, amma ba wadda ta taya ta.

Na ɗaga gefen ledar da muka shimfiɗa. Daɓen sabo ne, amma ya tsage, na danna da babban yatsa ruwa ya tsattsafo. Kulu tana tsaye a kaina.

"Sista, kin gani?" ta ce a hankali.

"Na gani. Ke ma kin gani."

Ta ce ta daɗe da gani, tun zuwanta na farko. Amma ta yaya za ta dubi mutumin da ya ɗauki kowane bulo na gidan nan a kansa ta ce masa ba za ta shiga ba? Ta mayar da ledar ta shafe ta da tafin hannu, ta ci gaba da jera kwanukanta.

Ni ba Kulu ba ce, bakina ba ya riƙe magana. Da yamma na tare shi a bakin famfon adonmu na faɗa masa komai, har da murfin kwalla. Na ce gidan nan nutsewa yake yi, kududdufin bai tafi ko'ina ba, yana ƙarƙashin ɗakin da zai kwantar da matarsa da 'ya'yansa. Na ce ya bari kaka ta yi, in katafila ta zo ta zo, bulo za ta ture ba mutum ba. Ya dube ni ya ce:

"Sista Rifkatu, ke 'yar kan dutse ce. Garinku ruwa gangaro muku yake yi, ba ki san ƙishirwa ba. Na zaci hassada daga kowa, ban zace ta daga gare ki ba."

Wallahi maganar ta ƙona ni. Mutumin da ya goya 'yata Gloria ya kai ta asibiti a guje ranar da ta shiɗe, shi ne yau yake kirana mai hassada. Na shige ɗaki na bugo ƙofa, washegari ko gaisuwarsa ban amsa ba.

Ranar Juma'a da hantsi malamai suka je suka yi saukar Alƙur'ani a gidan, aka raba sadaka, Malam Isyaku ya kulle ƙofa ya sa mukulli a aljihu. Ana sakkowa daga masallaci hadari ya haɗo ta gabas. Ruwan da aka fara bai ɗauke ba sai da gari ya waye, irin mai sauka a tsaye ba iska, har kwatocin Gyadi-Gyadi suka cika suka tumbatsa. Na so in ƙi rakiyar, fushi bai sake ni ba. Amma na ga Kulu ta sha sabon mayafi tana ɗora yara a bayan a-kori-kura a kan katifu, sai na ɗauki lema na hau.

Motar ba ta iya shiga layin ba saboda taɓo, a bakin hanya ta tsaya, ana hango gidan. Malam Isyaku ya naɗe ƙafar wando ya yi gaba, ni da direba muka bi shi. Da farko sai da ya kalli bango, ba jan fenti, ya sauke ajiyar zuciya. Ya yi bismilla ya zura mukulli. Mukulli ya juya lafiya lau, ƙofa ta ƙi motsi. Ya tura da hannu, ya sa kafaɗa, direba ya taya shi, ko gezau. Na ɗaga kai na ga lintar da ke saman ƙofar ta tsage a tsakiya ta sauko ta danne ƙarfen. Ta ƙarƙashin ƙofar kuma ruwa ne yake fitowa, baƙi, yana bi ta kan ƙafafunmu. Gidan da ya kamata ruwan sama ya shiga daga waje, shi ne yake turo ruwa waje.

Sai muka ji ƙara daga can ciki. Ƙwal. Aka ɗan yi shiru. Ƙwal, ƙwalalam. Kwanukan Kulu ne suke zamowa daga kabad ɗaya bayan ɗaya, ba kowa a ɗakin.

Mutanen layin suka fara taruwa. Wani mai shegen baki ya ce ai jiya an ga motar ma'aikatan ƙasa a layin baya. Ban sani ba ko gaskiya ne, amma kamar an watsa wa Malam Isyaku wuta. Ya ce a ba shi guduma, zai fasa gefen ginin ya cire ƙofar gaba ɗaya, yau iyalinsa a gidansu za su kwana. Wani ya miƙo masa. Na yi magana, direba ya yi magana, bai ko waiwayo ba.

Ban ga sakkowar Kulu daga mota ba. Sai ganinta na yi ta ratso taɓo, sabon mayafin yana jan ƙasa, ta wuce ta gabansa ta zauna a dokin ƙofa, cikin ruwan, daidai ƙarƙashin lintar nan. Sannan ta ce:

"Malam, ban taɓa ce maka a'a ba, yau ma ba zan ce ba. In ka buɗe zan shiga, inda ka ajiye ni nan zan zauna. Amma yaran nan Sista za ta koma da su."

Gudumar tana sama a hannunsa. Ya kalli matarsa, ya ɗaga ido ya kalli abin da ke saman kanta, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya saki gudumar a cikin taɓo, ya cafko hannunta ya fizgo ta da ƙarfin da ban san yana da shi ba.

"Tashi daga nan, Kulu! Tun wancan makon lintar nan take sakkowa."

Ashe ya sani. Duk zagayen bangon nan, duk fentin, duk labarin ƙwarya, ya sani sarai. Ya ja ta har tsakiyar layi bai saki hannunta ba, sannan ya tsuguna a wurin, dattijo da furfurarsa, ya rufe fuska da hularsa. Duk fushina ya zube, tausayi ya kama ni. Na je mota na hana yaran sakkowa.

Gidan bai faɗi ranar ba. A hankali ya tafi, ɗakin Kulu ne ya fara zama cikin makon, kicin ya bi, kafin damina ta fita ruwa ya kai taga. Ba a fitar da ko cokali ba. Jan fentin da ya hana shi barci kuwa har yau ba wanda ya zo ya shafa. Kulu da yara a ɗakina suka zauna, shi yana kwana a soron gidanmu na haya, har suka sami ɗaki guda a Tarauni. Bai taɓa ce mini in yi haƙuri ba, ni ma ban nema ba. Sai dai tun daga lokacin fararen kayana na aiki ba su sake kwana ba guga ba.

Da ya yi ritaya bai iya zaman gida ba. Ya koma wanki da guga na unguwa, kuma ba a ko'ina yake wankin ba sai a bakin kududdufin da ya dawo ya zauna a kan gidansa. Bangon soro ne kaɗai ya rage a tsaye, a kansa yake shanya. Baƙaƙen kaya da barguna kawai yake wankewa a wurin, farare sai ya sayi ruwa, ya ce wannan ruwan ya san halinsa. In ya ga mai kura zai juye shara a ciki sai ya bi shi da sanda, har yara suka sa masa suna Sarkin Ruwa. Bai hana komai ba. Suna bari ya tafi salla su juye, ɗaya gefen ya cika, aka bi da jar ƙasa, aka kafa turaku.

Zuwana na ƙarshe wurinsa kafin ciwon ajalinsa, na kai masa bargo wanki, na tarar da wani dillali ya kawo wani saurayi mai sabon aure ganin fili. Malam Isyaku ya ajiye sabulu ya yafito saurayin. Ya kama hannunsa ya kai shi bakin ruwa, ya nuna masa da sanda: nan soro ne, nan kicin, can inda kainuwa ta fi yawa ɗakin matata ne, kwanukanta suna ciki. Ya gaya masa komai bai rage ba, har gaba biyun. Saurayin ya saurara da ladabi, ya yi masa jaje, ya yi godiya. Da ya koma wurin dillalin muna jin sa yana cewa, ashe dai nan ba za a sha wahalar rijiya ba.

Malam Isyaku ya dawo ya zauna a kan guntun bangonsa. Na miƙa masa bargon, ya karɓa ya ɗora a cinya, har na tafi bai tsoma shi a ruwa ba.